Guzurin Masu Binciken Sauti Mai Kewayo

A watan Yuni na shekarar 2021 kamfanin Apple ya buɗe wa masu sauraron waƙa a dandalinsa wata sabuwar hanyar ji, wadda idan mutum ya sa iyafis a kunne ba zai ƙara jin mawaƙi da makaɗansa a cunkushe cikin tsakiyar kansa kamar yadda aka saba ba, sai dai ya ji murya tana fitowa daga gabansa, 'yan amshi suna daga bayansa, ganga tana gefe guda, wani sautin kuma yana saukowa daga bisa, har ya zama kiɗan ne ya yi masa ƙawanya. Wannan shi ne sauti mai kewayo. Tun daga wannan lokaci aka shiga muhawara tsakanin masu sana'ar waƙa, wasu suna cewa ba a taɓa samun ci gaba irinsa ba tun bayan fitowar sitiriyo, wasu kuwa suna kukan cewa waƙoƙin da suka sani da nauyi da ƙarfi sun zama sakayau, kamar an tsinka su da ruwa. Abin da ba a cika ambata ba a cikin wannan gardama shi ne mutanen da ke iya warware ta da hujja, watau ɗaliban digirin digirgir waɗanda ke kwana suna tashi a ɗakunan gwaji na jami'o'i shekara uku ko huɗu a kan mas'ala ɗaya tak, da kuma tambayar da ke biye da su kullum: wa ke ciyar da su, kuma me mai ciyarwar yake nema a wurinsu?

Kafin mu kai ga batun kuɗi, wajibi ne mu fahimci abin da ake kashe kuɗin dominsa. Allah cikin hikimarsa ya yi wa ɗan Adam kunne biyu, ya raba su da faɗin kai, kuma a cikin wannan 'yar tazara asirin duka yake. Malaman Ikhwanus Safa na Basra sun riga sun bayyana tun ƙarni na goma na Miladiyya cewa sauti motsin iska ne mai bazuwa ta kowace fuska, amma sai a shekarar 1907 wani masanin Ingila, Lord Rayleigh, ya tsara bayanin yadda kunnuwa biyu ke gane inda sautin ya fito. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a cikin sakan ɗaya, saboda haka idan aka tafa hannu a damarka, ƙarar za ta riga isa kunnen dama kafin na hagu da ɗan lokacin da bai kai kashi 1 cikin 1,000 na sakan ba, sa'an nan kuma kai da kansa zai tare wani sashe na ƙarar, ta isa kunnen hagu da ɗan rauni. Da waɗannan alamu biyu, na lokaci da na ƙarfi, ƙwaƙwalwa ke yanke hukuncin dama da hagu ba tare da mutum ya san ta yi wani lissafi ba. Amma sanin sama da ƙasa, da gaba da baya, ya fi wannan wuya, domin abin da ke daidai gabanka da abin da ke daidai bayanka duk lokaci ɗaya suke isa kunnuwa biyu. A nan ne fatar kunne ke yin aikinta: waɗannan lanƙwashe-lanƙwashe da kwarurruka da muke gani kamar ado ne kawai, suna sauya launin sautin gwargwadon kusurwar da ya shigo, kuma ƙwaƙwalwar kowane mutum ta haddace nata kunnen tun yana jariri. Kunnen wani kuwa ba irin na wani ba ne, kuma wannan bambanci shi ne babban ciwon kan da fannin sauti mai kewayo ke fama da shi har yau.

Yunƙurin mayar da wannan ni'ima cikin na'ura ya daɗe. A shekarar 1881, a wajen baje kolin wutar lantarki na birnin Paris, Clément Ader ya jera makirufo a gaban dandalin gidan waƙa, ya ja wayoyi zuwa wani ɗaki mai nisa, mutane suna kara kan tarho ɗaya a kowane kunne suna jin mawaƙa na kai da kawo. A watan Disamba na 1931 wani matashin injiniya na kamfanin EMI, Alan Blumlein, ya yi rajistar fasahar da ta zama tushen sitiriyo, aka kuma gwada ta a situdiyon Abbey Road a 1934, amma bai ga amfanin gonarsa ba, domin ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1942 yana aikin gwajin na'urar hango ƙasa daga cikin jirgi saboda yaƙi, faifan sitiriyo kuwa bai shiga kasuwa sosai ba sai 1958. Ko bayan shigarsa, masu haɗa waƙa sun daɗe suna lalube. Wanda ya saurari wasu faya-fayan farko na ƙungiyar Beatles zai ji murya ita kaɗai a lasifika ɗaya, kayan kiɗa duka a ɗayar, abin da babu mai yinsa yanzu. Wasu masana biyu na Jami'ar Surrey, Allan Moore da Ruth Dockwray, sun bi diddigin waƙoƙin da aka fitar daga 1965 zuwa 1972, suka nuna yadda a hankali aka daidaita a kan al'adar ajiye murya da babbar ganga da jita mai kaurin sauti a tsakiya, sauran kuma a rarraba su hagu da dama. Wannan ya isa ya nuna mana cewa samun na'ura daban ne, sanin adabin aiki da ita kuma daban, kuma na biyun yakan ɗauki shekaru. A farkon shekarun 1970 kamfanoni suka yi gaggawar fito da tsarin lasifika huɗu, kowane kamfani da nasa salon da bai jitu da na ɗan'uwansa ba, mai saye ya rasa wanda zai kama, kafin ƙarshen shekarun kasuwar ta mutu.

Daga cikin tokar wannan faɗuwa ne aka sami aikin da ya fi kowanne albarka, kuma a nan ne batun mai ɗaukar nauyi ya fara bayyana a fili. Michael Gerzon, wani masanin lissafi a Oxford wanda ke da tsananin son naɗar kiɗa, ya duba tsarin lasifika huɗu ya ga cewa ginin ba shi da harsashi, domin an fara da tambayar lasifika nawa za a sayar, alhali kamata ya yi a fara da tambayar yadda za a siffanta sautin da ke kewaye da wuri guda. Shi da Farfesa Peter Fellgett na Jami'ar Reading suka tsara hanyar da aka sa wa suna Ambisonik, wadda ke naɗe sauti a layuka huɗu, ɗaya na jimlar ƙarar, uku kuma na gaba da baya, hagu da dama, sama da ƙasa, ta yadda daga baya za a iya warware shi a kan ko lasifika nawa mutum yake da su. Wata hukumar gwamnatin Ingila mai tallafa wa ƙirƙire-ƙirƙire, NRDC, ita ta ɗauki nauyin aikin ta riƙe haƙƙin mallakarsa, amma ba ta iya shigar da shi kasuwa ba, Gerzon kuma ya rasu a 1996 yana da shekara 50, duniya ba ta san darajar abin da ya bari ba. Bayan shekara huɗu, a 2000, wani ɗalibi Bafaranshe mai suna Jérôme Daniel, wanda ya yi bincikensa a ɗakunan gwajin kamfanin tarho na Faransa, ya gabatar da kundin digirin digirgir wanda ya faɗaɗa lissafin Gerzon zuwa matakai masu ƙarin daidaito. Lokacin da YouTube ya fara karɓar bidiyo mai kewayo tare da sautinsa a 2016, wannan tsohuwar hanya aka ɗauko aka kaɗe mata ƙura. Kuɗin da baitulmalin Ingila ya kashe a shekarun 1970, wanda a lissafin ɗan kasuwa asara ce tsantsa, sai bayan shekara 40 ya haihu.

Akwai kuma labarin John Chowning na Jami'ar Stanford a Amurka, wanda ya cancanci a tsaya a kansa. Shi mai tsara kiɗa ne, kuma burinsa shi ne ya sa kwamfuta ta motsa sauti a sarari tsakanin lasifika huɗu, yana nisa yana kusa. Yana cikin wannan lalube ne a 1967 ya ci karo da wata hanyar ƙera sauti ta lissafi wadda ba ita ya fita nema ba. Kamfanin Yamaha na Japan ya sayi izinin amfani da ita, ya fito da piyanon lantarki DX7 a 1983, wanda sautinsa ya cika waƙoƙin wancan zamani, jami'ar kuma ta sami miliyoyin daloli daga haƙƙin mallaka, cibiyar nazarin kiɗa da kwamfuta da ya kafa a 1975 ta tsaya da ƙafafunta. Da an ce wa Chowning tun farko ya rubuta ribar da bincikensa zai kawo kafin a ba shi ɗaki da kwamfuta, lalle da bai iya ba, domin shi kansa bai san abin da ke jiransa ba.

To, yaya abin yake a situdiyo a yau? Tsarin da ya fi rinjaye shi ne Dolby Atmos, wanda aka fara fitarwa domin gidajen silima a 2012, sa'an nan aka kawo shi fagen waƙa a 2019, shekarar da kamfanin Sony ma ya fito da nasa. A tsohuwar hanya injiniya yakan zuba dukan sautuka cikin layi biyu, na hagu da na dama, ya rufe, abin da ya ji shi ne kowa zai ji. A sabuwar hanya kuwa kowane sauti yana iya zama abu mai zaman kansa, ɗauke da bayanin inda yake a ɗaki da inda zai nufa, har guda 118 ban da layuka 10 na shimfiɗa, sa'an nan na'urar mai sauraro ce za ta karanta wannan bayani ta yi haɗin ƙarshe gwargwadon abin da ke gabanta, ko lasifika goma ne, ko iyafis ne, ko wayar hannu ce kawai. Idan ka shiga ɗakin da aka shirya domin wannan aiki za ka tarar da lasifika 12 aƙalla, bakwai a jere daidai tsayin kunne, huɗu a rataye a rufi, ɗaya babba a ƙasa domin kaurin sauti, injiniya yana zaune a tsakiya, a allon kwamfutarsa kuma akwai hoton ɗaki mai kusurwa huɗu da 'yan ƙwallaye suna yawo a ciki, kowace ƙwallo murya ce ko jita ko tafi, yana jan ta da yatsa ya ɗaga ta sama ko ya kai ta bayan ƙeya. Abin sha'awa ne ƙwarai a gani. Amma da zarar ya fito daga ɗakin ya sa iyafis irin wanda mafi yawan jama'a za su ji waƙar da shi, sau da yawa sai ya tarar muryar da ya ajiye a gaba ta koma cikin kai, wadda ya kai baya ta dusashe, kuma abin da dandalin wani kamfani ya fitar bai yi daidai da na wani ba, domin kowanne da irin na'urar da yake warware bayanin da ita.

Akwai wata illa kuma da ta shafi waƙar zamani musamman. Ƙarfin irin wannan waƙa, ko ta rawa ce ko ta gambara, yana zuwa ne daga matse sautuka wuri guda har su manne su zama dunƙule ɗaya mai dukan ƙirji, kuma injiniyoyi sun shafe shekara 50 suna ƙwarewa a wannan matsi. Idan aka warwatsa sautukan cikin ɗaki, kowanne ya sami sarari, sai mannewar ta tafi. Giles Martin, ɗan George Martin furodusan Beatles, ya fito fili a 2021 ya ce haɗin kewayo da ya yi wa faifan Sgt. Pepper domin gidan silima ya yi shi, bai zauna daidai a dandalin sauraro ba, har ya koma ya sake shi. Idan mutum irin wannan, wanda yake da Abbey Road a hannunsa, ya yi tuntuɓe, ina ga ƙaramin furodusa mai ɗaki ɗaya? Duk da haka kasuwa ba ta jira, domin tun daga watan Janairu na 2024 Apple ya fara ƙara wa waƙoƙin da ke da haɗin kewayo ladan da ya kai har kashi 10 cikin 100, ƙananan kamfanonin waƙa kuma suka koka cewa wannan ƙari daga rabonsu ake yankarsa, tun da tukunya ɗaya ce ake rabawa, kuma su ne ba su da halin biyan kuɗin sabon haɗi.

Waɗannan su ne mas'alolin da ɗalibin digirin digirgir ke zama a kansu, kuma aikinsa na haƙuri ne. Wani zai shigar da mutum ɗakin da aka lulluɓe bangonsa da rufinsa da soso mai tsini domin kada sauti ya yi amsa-kuwwa, ya zaunar da shi a kujera, ya cusa masa makirufo ƙanana kamar ƙwayar wake a ramin kowane kunne, ya hana shi motsi, sa'an nan a riƙa sakin ƙara daga ɗaruruwan kusurwoyi ana auna yadda kansa da kafaɗunsa da fatar kunnensa suka sauya ta. Wani kuma zai tara masu sauraro, ya ba su haɗi iri-iri na waƙa ɗaya ba tare da sun san wanne ne wanne ba, bayan ya daidaita ƙarar duka, domin an daɗe da sanin cewa kunne yakan zaɓi abin da ya fi ƙara ya ɗauka shi ya fi daɗi, sa'an nan ya tattara hukuncinsu ya bi shi da lissafi. Wani kuwa furodusa ne da kansa, bincikensa shi ne ya haɗa waƙoƙi ya rubuta dalilin kowane mataki, ya miƙa faifan tare da kundin a gaban masu jarrabawa. Shahararrun ma'ajiyoyin awon kunne da fannin ya daɗe yana dogara da su ƙanana ne ƙwarai: wanda Jami'ar California ta Davis ta fitar a 2001 bai wuce awo 45 ba, na Jami'ar York kuma 20 ne, biyu daga ciki ma kawunan roba ne. Amma awon na York, wanda aka yi da kuɗin gwamnati aka kuma sake shi kyauta, shi kamfanin Google ya ɗauka ya yi amfani da shi a sautin bidiyonsa mai kewayo.

Masu iya magana sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. A Ingila, inda wannan fanni yake da ƙarfi a jami'o'in Surrey da York da Salford da Southampton da Huddersfield da Queen Mary ta Landan, babbar rijiyar ita ce hukumar UKRI, wadda aka kafa a 2018 ta tattara majalisun bincike a ƙarƙashin inuwa ɗaya. Wanda ya sami gurbinta ana biya masa kuɗin makaranta, a kuma ba shi alawus na shekara wanda ba a cire masa haraji, mafi ƙarancinsa fam 19,237 a zangon 2024 zuwa 2025, aka ɗaga shi zuwa fam 20,780 a zangon da ya biyo baya, na tsawon shekara uku zuwa huɗu. Mai karatu kada ya yi saurin juya wannan kuɗi zuwa naira ya ce ai dukiya ce, domin a can bai wuce kusa da abin da ƙaramin ma'aikaci ke samu ba, kuma hayar ɗaki kaɗai takan cinye kusan rabinsa a manyan birane. Guraben iri biyu ne. Akwai wanda malami ya riga ya sami kuɗin wani aiki, ya tsara tambayar, yana neman wanda zai zo ya yi. Akwai kuma wanda ɗalibi ne zai zo da tasa tambayar, ya nemi malamin da zai yarda ya duba shi, sa'an nan su shiga gasa da masu tarihi da falsafa da adabi. A irin na biyun yawanci ana rufe karɓar takardu a watan Janairu, a fara karatu a Oktoba.

A nan ne waƙar zamani take shan wahala ta musamman, domin ta faɗa tsakanin gida biyu. Majalisar injiniyanci da kimiyya, EPSRC, mai kuɗi ce, kuma ita ta ɗauki nauyin babban aikin nan na S3A daga 2013 zuwa 2019, wanda ya haɗa Surrey da Salford da Southampton da sashen bincike na BBC a kan yadda za a kai sauti mai kewayo cikin ɗakin zaman talaka, har suka gwada mayar da wayoyin hannun mutanen gida su zama ƙarin lasifika. Amma wannan majalisa lissafi da na'ura take so, ba ruwanta da tambayar ko ya dace a ajiye 'yan amshi a bayan mai sauraro. Majalisar fasaha da adabi kuwa, AHRC, wadda wannan tambaya ta shafa, ita ce mafi ƙarancin kaso a cikin majalisun, kuma a 2023 ta ba da sanarwar cewa za ta rage guraben digirin digirgir da take ɗauka daga kimanin 425 a shekara zuwa 300. Ga shi kuma tsangayoyin kiɗa na Turai sun daɗe suna fifita kiɗan gargajiyarsu na manyan zauruka da kiɗan gwaji na masana a kan waƙar da jama'a ke saye, har sai a 2005 aka fara taron masana na musamman a kan fasahar haɗa faifai. Sakamakon haka shi ne, an san abu mai yawa game da yadda za a naɗi ƙungiyar makaɗa 80 a zaure, abin da aka tabbatar da hujja game da waƙar minti uku da ake ji a cikin mota kuwa kaɗan ne, alhali ita ce abincin kunnen duniya.

Sauran ƙasashe suna da nasu dabarun. A Faransa tun 1981 akwai tsarin da kamfani ke ɗaukar ɗalibi aiki da albashi, gwamnati ta tallafa wa kamfanin, jami'a ta duba binciken. A Jamus mafi yawan masu wannan digiri ma'aikata ne a ɗakin gwaji, kuma a garin Erlangen cibiyar Fraunhofer, wadda ta ƙirƙiro MP3, ta haɗa kai da jami'ar garin a 2008 suka kafa ɗakunan binciken sauti da kuɗin da lasisin MP3 ya tara, wanda ya yi kama da wakafi: ribar ilmin jiya ce ke ciyar da ɗaliban gobe.

Ba na ganin laifi a kamfani ya sa kuɗinsa a bincike, hasali ma ba don kamfanoni ba da ɗalibai da yawa ba su taɓa shiga situdiyo mai lasifika 12 ba, kuma ɗalibin da ya zauna da masu sana'a yakan san ainihin inda ke yi musu ƙaiƙayi. Amma idan baki ya ci, ido kan ji kunya. Akwai tambayoyin da mai sayar da na'ura ba zai taɓa biyan kuɗi a yi su ba: shin idan aka daidaita ƙara, aka ɓoye suna, masu sauraro na gaske sun fi son sabon haɗin a kan tsohon sitiriyo, kuma a wane irin kiɗa? Shin wanda yake ji da iyafis mai araha a cikin hayaniyar kasuwa yana samun wani abu daga cikin abin da aka yi alkawari? Shin ya halatta a ɗauki waƙar mawaƙin da ya riga mu gidan gaskiya a warwatsa ta ta hanyar da bai taɓa ji ba, balle ya yarda? Kuma idan dukan waƙoƙin wani zamani suka zama a kulle cikin tsarin da kamfani ɗaya ya mallaka, wa zai buɗe su bayan shekara 50? Irin waɗannan sai ɗalibin da abincinsa ba ya hannun mai kayan, wanda kuma aka ba shi izinin buga abin da ya gano ko da bai yi wa kowa daɗi ba. Saboda haka duk wanda aka yi wa tayin gurbi mai haɗin gwiwa da kamfani, ya kamata tun kafin ya sa hannu ya nemi sanin wa zai mallaki sakamakon, da kuma ko akwai sharaɗin jinkirta bugawa.

Ɗalibin da zai taso daga Kano ko Zariya ko Maradi yana da ƙofa, amma ƙunƙuntacciya ce. Tun daga zangon 2021 UKRI ta yarda a ba 'yan ƙasashen waje gurabenta, sai dai ba za su wuce kashi 30 cikin 100 ba, kuma kuɗin makarantar da take biya na ɗan ƙasa ne, fam 4,786 a zangon 2024 zuwa 2025, alhali abin da ake caji baƙo a fannonin da ke da ɗakin gwaji yakan haura fam 20,000. Wasu jami'o'i suna yafe cikon, wasu ba sa yafewa, kuma wannan ita ce tambayar farko da ya kamata mutum ya yi a wasiƙarsa. Ban da haka akwai kuɗin biza, da harajin lafiya na fam 776 a kowace shekara wanda ake biya gaba ɗaya tun kafin a taso. Akwai kuma tallafin ƙungiyar Kwamanwel, wanda ke fifita binciken da zai amfani ƙasar ɗalibi, da na hukumar DAAD ta Jamus. Abin da masu zaɓe ke dubawa shi ne digiri na biyu mai kyau, da shaidar cewa mutum ya taɓa aikin da hannunsa, ko haɗa waƙa ko rubuta manhaja, sa'an nan, fiye da kome, tambaya ƙarama mai kaifi wadda za a iya amsawa cikin shekara uku.

Irin wannan tambaya kuwa ba ta yi mana ƙaranci ba. Kiɗan fada a ranar hawan salla, inda kakaki ke gaba, algaita da tambari suna biye, masu kirari suna ratsawa, dukansu kuma suna tafiya a kan dawaki da ƙafa, kiɗa ne wanda rabin ma'anarsa tana cikin wurin da kowane sauti yake da inda ya nufa, kuma naɗin makirufo ɗaya ko biyu yakan baje shi ya zama hayaniya. Haka nan amsa-amon da ke tsakanin mawaƙi da 'yan amshinsa, wanda waƙoƙin situdiyo na yanzu suka gada, gini ne na ɓangare biyu masu fuskantar juna, kuma tambayar inda ya kamata a zaunar da mai sauraro a tsakaninsu tambaya ce ta ilmi wadda za a iya gwadawa a auna. Makirufon Ambisonik mai baki huɗu yanzu yana shiga jakar hannu, haƙƙin mallakar Gerzon ya daɗe da ƙarewa, kuma cibiyar kiɗan lantarki ta birnin Graz a Ostiriya tana raba manhajojin haɗa irin wannan sauti kyauta ga duk mai kwamfuta. Wanda ya naɗo minti goma na hawan daba da irin wannan makirufo, ya haɗa shi da kyau, ya rubuta shafi uku a kan abin da ya gagare shi da dalilin gagarar, ya riga ya sami abin da zai aika wa malami a York ko Huddersfield tun watan Oktoba, domin a sami lokacin gyara takardar neman gurbi kafin a rufe karɓa a Janairu.